Fashin Baƙi: Me Ake Nufi Idan Aka Ce Malami Ya Ƙware a Kafafen Sadarwa na Zamani?

Malamin da ke da babbar waya, yana da shafi a Facebook, yana cikin zauren WhatsApp na abokan aiki, har ya iya haɗa kwamfuta da majigi a cikin aji, za a iya cewa ya ƙware a kafafen zamani? Mutane da yawa za su ce i, ba tare da wani dogon tunani ba. Hukumomin ilimi ma sau da yawa da wannan ma'aunin suke aiki: kwamfuta nawa aka raba, makarantu nawa aka ja wa intanet, malamai nawa suka halarci taron bita.

To amma a ce wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, jiya na ga wani bidiyo, wani likita yana cewa allurar rigakafi kaza tana jawo cuta kaza. Gaskiya ne?" A wannan lokacin majigi ba shi da amfani. Abin da ake buƙata shi ne malamin da zai iya cewa, "Zo mu duba tare," kuma ya san inda zai fara dubawa. Yawancin muhawarar da ake yi a kan malamai da fasahar zamani tana tsallake wannan gaɓa, alhali ita ce zuciyar maganar.

## Abubuwa uku da ake cuɗanyawa

Na farko shi ne iya sarrafa na'ura. Kunna kwamfuta, buga takarda, adana fayil, aika saƙon imel, shiga taron bidiyo, shigar da makin ɗalibai a jadawali. Wannan shi ne mafi sauƙin koyarwa, mafi sauƙin aunawa, shi ya sa ma ya fi samun kuɗi da kulawa.

Na biyu shi ne iya tantance abin da ke shigowa ta cikin na'urar. Wa ya rubuta wannan? Me yake so in yi bayan na karanta? Hoton nan na yau ne, ko tsoho ne aka sake yi masa sabon bayani? Me ya sa wannan bidiyo ya bayyana a wayata, bai bayyana a wayar wanda ke kusa da ni ba? A nan ne sanin yadda kamfanonin sada zumunta ke samun kuɗi ya shigo: talla suke sayarwa, kuma tsawon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo shi ne jarinsu, don haka tsarin da ke zaɓa wa mutum abin kallo ya fi son duk abin da zai riƙe shi, ko na tayar da hankali ne. Wannan fanni ya girmi intanet ɗin da muka sani. Tun a 1982 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, ta tara masana a garin Grunwald na ƙasar Jamus, suka fitar da sanarwar da ke kira da a riƙa koya wa yara karanta kafafen yaɗa labarai da idon basira, a lokacin da talabijin ne abin damuwa. A 2011 hukumar ta fitar da manhajar horar da malamai a kan wannan fanni, ta sabunta ta a 2021.

Na uku shi ne wanda ya keɓanta ga malami: iya koyarwa da waɗannan kayan, da iya koyar da tantancewar ga yara. Mutum zai iya zama gwani wajen gano labarin bogi amma ya kasa bayyana wa ɗan shekara 12 yadda ya gano. Haka kuma zai iya sanin manhajar kwamfuta ciki da bai, amma bai san a wane darasi za ta taimaka ba, a wanne kuma alli da allo suka fi ta. A 2006 wasu masana biyu, Punya Mishra da Matthew Koehler, sun tsara wannan tunani a wani tsari da ya shahara a kwalejojin horar da malamai: sanin darasi daban, sanin dabarun koyarwa daban, sanin fasaha daban, kuma gwanintar malami tana inda ukun suka haɗu.

Manyan ma'aunai na duniya sun yarda da wannan rabe-rabe. Na UNESCO, wanda aka fitar da bugu na uku a 2018, ya jera ƙwarewa 18 a matakai uku, daga neman ilimi zuwa zurfafa shi zuwa ƙirƙirar sabo. Na Tarayyar Turai, wanda ya fito a 2017, yana da ƙwarewa 22 a fannoni 6, kuma fanni guda cur an ware shi ne ga yadda malami zai gina ƙwarewar ɗalibansa. A takarda dai an gama magana. A cikin aji ne lamarin yake da sauran aiki.

## Me ya sa zurfin ilimi kaɗai bai wadatar ba

Akwai tunanin da ya zauna a zukatan mutane cewa mai ilimi ba ya faɗawa tarkon ƙarya a intanet, sai jahili. Wani bincike da Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar a 2017 ya girgiza wannan tunani, kuma a ganina duk mai horar da malamai ya kamata ya san shi.

Sun tara mutum 45: masana tarihi 10 masu digirin digirgir, ƙwararrun masu tantance labarai 10 daga kafafen yaɗa labarai, da ɗaliban jami'ar 25. Aka ba kowa kwamfuta, aka nuna masa shafukan intanet, aka ce ya faɗi wanda ya fi inganci. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen an haɗa shafuka biyu masu magana a kan cin zalin da yara ke yi wa juna a makaranta. Ɗaya na babbar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ne, mai mambobi dubun-dubata. Ɗayan na wata ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle daga babbar saboda saɓanin aƙida, ta ɗauki suna mai kama da nata, ta gina shafi mai kyan gani, da tambari, da jerin manazarta a ƙasan kowane rubutu.

Masu tantance labarai duka goman sun gano wadda ta fi cancanta a dogara da ita. Masana tarihi, rabinsu ne kawai suka tsaya a kan amsar daidai. Ɗaliban kuwa, mafi yawansu ƙaramar ƙungiyar suka zaɓa.

Abin lura shi ne yadda kowane rukuni ya yi aikinsa. Masana tarihin da ɗaliban sun zauna a kan shafin, suna karanta shi daga sama har ƙasa. Suna duba kyan rubutu, suna duba ko akwai manazarta, suna karanta abin da ƙungiyar ta faɗa game da kanta. Wato sun yi amfani da duk dabarun da makaranta ta koya musu na karatun natsuwa. Masu tantance labarai kuwa ba su ɓata lokaci a shafin ba. Cikin 'yan daƙiƙu suka fita, suka buɗe wasu shafuka a gefe, suka rubuta sunan ƙungiyar, suka nemi abin da wasu ke faɗa game da ita. Sai da suka san wa ke magana sannan suka koma sauraron abin da yake faɗa. Sun karanta kaɗan, sun gama da wuri, kuma su ne suka fi dacewa.

Dalilin a bayyane yake idan aka yi tunani. Malamin da aka horar a zamanin littafi ya saba da rubutun da ya riga ya bi ta hannun masu tacewa kafin ya iso gare shi: marubuci, edita, kamfanin ɗab'i, hukumar da ta amince da littafin, mai kula da ɗakin karatu. Aikinsa shi ne ya fahimci abin da ke ciki, ya fahimtar. A intanet babu waɗannan masu gadi. Kowa na iya gina shafi mai kyan gani a yini guda, ya rubuta duk abin da ya ga dama game da kansa. Wanda ya tsaya yana auna shafi da kyan fuskarsa kamar mai son sanin halin baƙo ne ta hanyar tambayar baƙon kansa, maimakon ya tambayi waɗanda suka san shi.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne, har yanzu makarantu da dama suna koyar da tsohuwar hanyar. Ana ba ɗalibai jerin tambayoyi: shin shafin yana da kurakuran rubutu? Yana da sunan marubuci? Yana da kwanan wata? Yana da adireshi? Duk waɗannan abubuwa ne da mayaudari ya fi kowa kula da su. Malamin da ya koyar da wannan jeri da zuciya ɗaya yana iya ƙara wa ɗalibansa ƙwarin gwiwar gaskata ƙaryar da aka yi wa ado.

## "Ai yaran yanzu sun fi mu iya waya"

Wannan magana ta zama ruwan dare a bakin malamai da iyaye, kuma tana da tushe. A 2001 wani marubuci ɗan Amurka, Marc Prensky, ya raba mutane gida biyu: waɗanda aka haifa cikin zamanin dijital, da waɗanda suka shigo shi da girmansu kamar baƙi. Maganar ta karɓu sosai, ta kuma yi ɓarna, domin ta sa malamai da yawa sun ja da baya, suna ganin ba su da abin da za su koya wa yaron da ya fi su saurin yatsa.

Saurin yatsa gaskiya ne. Sauran maganar ce bincike bai goyi bayanta ba. A 2016 rukunin masu bincike na Stanford ɗin nan ya tattara amsoshi sama da 7,800 daga ɗalibai a Amurka. Fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki talla a matsayin labari na gaskiya, duk da cewa an rubuta a jikinta cewa biya aka yi aka saka ta. A wata jarrabawar ƙasa da ƙasa ta 2018 da ta auna ƙwarewar 'yan aji takwas a kan kwamfuta da sarrafa bayanai, kashi 2 cikin 100 ne kacal suka kai mataki mafi girma. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD kuma, a rahotonta na 2021 da ta gina a kan jarrabawar ƙasa da ƙasa ta PISA ta 2018, ta nuna cewa kashi 47 cikin 100 na 'yan shekara 15 ne suka iya bambanta gaskiyar magana da ra'ayi a tambayar da aka yi musu, kuma kashi 54 ne suka ce an taɓa koya musu a makaranta yadda za su gane bayanin da ke da son rai. Galibin waɗannan ƙasashe masu hali ne, inda intanet ba ya yanke wa yaro.

Don haka abin da yaro ya rasa shi ne daidai abin da babba ya kamata ya fi shi: haƙurin tsayawa, sanin cewa mutane na da manufa a bayan maganarsu, da faɗin sani da zai sa mutum ya ji wani abu bai zauna daidai ba. Malamin da ya ce yara sun fi shi ya sallama fagen da shi ne ya fi cancanta ya tsaya a ciki.

## Daga ina giɓin ya taso?

Ɗora wa malami laifi shi ne abu mafi sauƙi, kuma bai cika zama adalci ba. Mutum ba ya koyar da abin da ba a koya masa ba. A binciken TALIS na 2018, wanda OECD ke yi a tsakanin malamai, kashi 56 cikin 100 ne suka ce an haɗa da amfani da fasahar sadarwa wajen koyarwa a horon da suka samu, kuma kashi 43 ne kawai suka ji sun fito da shirin da ya dace a wannan ɓangare. Rahoton UNESCO na sa ido kan ilimi na 2023, wanda ya mayar da hankali kan fasaha, ya ce rabin ƙasashen duniya ne kaɗai ke da ma'aunin da aka tsara na gina ƙwarewar malamai a wannan fanni.

Sai kuma ɗabi'ar gwamnatoci ta fara sayen kaya kafin tunanin wanda zai yi aiki da su. Kwamfuta ana ganinta, ana ɗaukar hotonta ranar rabo, ana ƙirga ta a rahoto. Canjin da ya faru a kan malami ba ya fitowa a hoto. Ƙasar Peru ta zama misalin da ake yawan kawowa: an raba wa yara ƙananan kwamfutoci sama da miliyan ɗaya ba tare da an saka su cikin tsarin koyarwa ba, kuma sakamakon karatu bai ƙaru ba. Tun a 2015 OECD ta fitar da rahoton da ya nuna cewa ƙasashen da suka zuba kuɗi mai yawa a kan kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaba na a zo a gani ba a karatu, lissafi ko kimiyya.

Horon da ake bayarwa ma yana da nasa ciwon. Taron bita na kwana ɗaya ko biyu, a babban zaure, mai gabatarwa yana nuna hotuna a bango, a ƙarshe a raba takardar shaida. Malami ya koma ajinsa ya tarar da jadawalin da ya cika, da jarrabawar da ba ta tambayar komai a kan tantance bayani, da tulin takardun da zai duba. Abin da jarrabawa ba ta tambaya, da wuya ya samu gurbi a aji. Ga kuma ƙarancin malaman kansu: UNESCO ta ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030. Inda malami ɗaya ke riƙe da aikin mutum biyu, neman ya ƙara da koyon sabon fanni a lokacin hutunsa ba ƙaramin abu ba ne.

Annobar korona ce ta yaye labulen. A 2020 rufe makarantu ya shafi ɗalibai sama da biliyan 1.6 da malaman firamare da sakandare kimanin miliyan 63. Dare ɗaya aka ce kowa ya koma koyarwa daga nesa. Malamai da yawa sun yi abin a yaba, sun koyi abin da suka koya a tsaye. Amma abin da aka koya cikin gaggawar nan yawanci na rukunin farko ne, wato sarrafa na'ura. Da aka koma aji sai aka ɗauka an wuce wurin.

## Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara ɗaure kai

Ana cikin wannan hali sai ga ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum, a watan Nuwamba na 2022. Martanin farko na makarantu da dama shi ne rufe ƙofa. Hukumar makarantun birnin New York ta toshe shi a watan Janairun 2023, ta janye toshewar a watan Mayu na shekarar. Wani bincike da UNESCO ta yi a makarantu da jami'o'i sama da 450 a 2023 ya gano cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne ke da wata ƙa'ida a rubuce a kan amfani da irin wannan fasaha. An bar kowane malami da dabararsa.

Hatsarin yana da fuska biyu. Ta farko, waɗannan manhajoji suna rubutu mai santsi, cike da tabbaci, ko da abin da suke faɗa ba gaskiya ba ne. Sukan ƙirƙiro sunan littafin da babu shi, ko su jingina magana ga wanda bai faɗa ba. Malamin da ya gaji, ya nemi manhaja ta shirya masa darasin gobe, ya kwafa bai duba ba, yana iya shigar da kuskure cikin littafin rubutun yara hamsin, kuma su riƙe shi a matsayin abin da Malam ya faɗa.

Ta biyu ta fi zafi, domin zalunci ne ke iya fitowa daga cikinta. Malamai da yawa sun koma dogara da manhajojin da ke da'awar gano rubutun na'ura. Kamfanin OpenAI da kansa, wanda ya ƙirƙiro ChatGPT, ya fitar da irin wannan manhaja a farkon 2023, ya janye ta a watan Yuli saboda rashin daidaitonta. A shekarar ce kuma wasu masu bincike a Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji guda 7 a kan rubuce-rubucen ɗaliban da Turanci ba harshensu na gado ba ne, sai manhajojin suka yanke wa fiye da rabin rubuce-rubucen hukuncin cewa na'ura ce ta yi su, alhali mutane ne suka rubuta da hannunsu. Yaron da ya yi gumi a kan aikinsa, aka kira shi ɓarawon amsa a gaban 'yan ajinsu saboda wata manhaja ta nuna lamba, ba zai manta ba. Malamin da ya san iyakar waɗannan kayan zai kira yaron ya tambaye shi a kan abin da ya rubuta, ya nemi ganin zayyanar farko, kafin ya yanke hukunci.

Hoto da bidiyo ma sun bi sahu. Mun taso a kan cewa gani ya kori ji, amma a watan Mayun 2023 wani hoton bogi na fashewa a kusa da hedikwatar tsaron Amurka ya yaɗu har kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza na wasu mintuna kafin a ƙaryata. Koya wa yara su ƙirga yatsun mutumin da ke cikin hoto ko su duba inuwa ba zai daɗe yana aiki ba, domin fasahar tana gyara kurakuranta kullum. Abin da zai daɗe shi ne tsohuwar tambayar nan: wa ya fara saka hoton, kuma akwai wata kafa mai mutunci da ta tabbatar?

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Akwai masu ganin maganin shi ne a fitar da waya daga makaranta gaba ɗaya. Faransa ta kafa doka a 2018, Holan ta bi a farkon 2024, Ostareliya ma ta wuce nan, ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafukan sada zumunta a ƙarshen 2024. Hujjarsu tana da ƙarfi: waya na raba hankalin yaro, kuma aji wuri ne na natsuwa. Ina tare da su a kan wannan. Inda nake rabuwa da wasunsu shi ne zaton cewa hana waya ya ɗauke wa malami nauyi. Yaron zai tashi daga makaranta ya koma gida ya tarar da wayar, ko tasa ko ta wani. Kuma darasin tantance labari ba ya buƙatar waya a hannun kowane ɗalibi. Ana iya buga saƙon da ke yawo a takarda, ko a rubuta shi a allo, aji ya tattauna: wa ya faɗa, ta yaya ya sani, wa zai amfana idan muka yarda.

Akwai kuma masu tsoron kada maganin ya zama cuta. Mai bincike danah boyd ta yi wannan gargaɗi tun 2017: idan abin da aka cusa wa yara kawai shi ne "kada ku yarda da komai", za a iya samun matasan da ba su yarda da likita ba, ba su yarda da littafi ba, ba su yarda da malaminsu ba, sai wanda ya faɗi abin da ransu ke so. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Masu yaɗa ƙarya ma da wannan kalma suke farauta, kullum cewa suke "yi bincikenka da kanka". Wani bincike da aka wallafa a 2020 a kan Amurka da Indiya ya nuna ɓangarorin biyu. 'Yan shawarwari kaɗan na gane labarin bogi sun ƙara wa mutane iya bambancewa da kashi 26.5 cikin 100 a Amurka, da kashi 17.5 a tsakanin masu ilimi da ke amfani da intanet a Indiya. Amma sun ɗan rage yarda da labaran gaskiya su ma, kuma a yankin karkarar Indiya da aka gwada ba a ga tasiri ba. Abin da wannan ke nuna wa malami shi ne, rabin aikin koyar da shakka ne, ɗaya rabin kuma koyar da wanda ya cancanci a yarda da shi, da dalilin cancantarsa: yana bayyana majiyarsa, yana gyara kuskurensa a fili, yana da sunan da zai zube idan ya yi ƙarya.

Saɓani na uku shi ne ko a ware wa tantance labari darasi na musamman, ko a saƙa abin cikin kowane darasi. Jihar Illinois ta Amurka ta wajabta koyar da shi a manyan sakandare da dokar 2021. Finlan kuwa, wadda ta riƙa zuwa ta ɗaya a ma'aunin juriya ga labaran bogi na ƙasashen Turai daga fara shi a 2017 zuwa 2023, ta zaɓi hanya ta biyu a manhajar karatunta ta 2016. Malamin lissafi ya nuna yadda ake yaudara da alƙaluma, malamin tarihi ya nuna yadda farfaganda ta yi aiki a baya, malamin zane ya nuna yadda yanke hoto ke sauya ma'anarsa, malamin harshe ya nuna yadda zaɓin kalma ke karkatar da mai karatu. Wannan hanya ta fi kama hankalina, sai dai tana da sharaɗi mai nauyi. A Finlan sai da digiri na biyu ake zama malamin makaranta, kuma ana ba malami 'yancin tsara darasinsa. Inda ba a gina malamin haka ba, cewa "aikin kowa ne" yakan ƙare a babu wanda ya yi.

## Abin da ya shafi iyaye da yara kai tsaye

Maganar malami tana da nauyin da ta sauran mutane ba ta da shi. Idan ya tura saƙo a zauren iyaye cewa wani abu na kashe yara, ko an sauya ranar jarrabawa, mutane za su gaskata saboda shi ya turo. Binciken da masana a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2018, bayan nazarin labarai kimanin 126,000 a Twitter (wanda yanzu ake kira X), ya gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗawa da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya na ɗaukar ninki shida na lokacin kafin ta kai ga mutum 1,500. Mutane ne suka fi yaɗawa, ba na'urori ba, kuma yawancinsu ba da mugun nufi ba. Malamin da ya saba tsayawa ya duba kafin ya tura yana kare iyayen aji guda, har da yaran.

Sai batun sirrin yara, wanda ba a cika sa shi cikin lissafin ƙwarewa ba. Malami ya ɗauki hoton ɗalibi ya saka a shafinsa don nuna alfahari, ko bidiyon yaron da ya kasa karatu don mutane su ga halin da ilimi ke ciki, ko ya tura sakamakon jarrabawar aji duka a zaure ɗaya. Niyyar na iya zama mai kyau, amma abin da ya hau intanet ba ya saukowa da sauƙi, kuma yaron zai girma ya tarar da shi. Manhajojin karatu su ma ba duka ne amintattu ba. A 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu 163 da gwamnatoci 49 suka amince da su lokacin korona, ta gano kashi 89 cikin 100 suna bibiyar yara ko suna da damar yin hakan, da yawa kuma suna miƙa bayanan ga kamfanonin talla. Malamin da zai ce wa aji "kowa ya sauke wannan manhaja" ya kamata aƙalla ya duba me take nema: wurin da yaro yake, lambobin wayarsa, kyamara, ko makirufo.

Uba ko uwa da ke son sanin inda makarantar ɗansu ta tsaya ba sai sun tambayi yawan kwamfutoci ba. Su duba aikin gida. Idan malami ya ce "ku je ku bincika a intanet" ya tsaya nan, yaron zai kwafo abin da ya fara gani. Idan kuwa ya ce a rubuto inda aka samo bayanin, wa ke da shafin, da wata majiya ta biyu da ta tabbatar ko ta saɓa, to ana aikin. Su kuma tambayi shugaban makaranta ko akwai ƙa'ida a rubuce a kan saka hotunan yara, da kan amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen aikin gida, da matakin da ake bi kafin a tuhumi ɗalibi da kwafe. UNESCO ta ba da shawarar shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun amfani da irin waɗannan manhajoji a aji, kuma a watan Satumban 2024 ta fitar da ma'aunin ƙwarewar malamai a kan ƙirƙirarriyar basira, wanda kowace makaranta za ta iya saukewa kyauta ta fara auna kanta da shi.